Akori-kurar Kawu Sale

Limawa, Dutse
Ranar Laraba

Zuwa ga taubashina Abdulbaƙi, sarkin maciya amanar Ringim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ba ka cancanta ba amma Inna ta ce dole in sa, ina fatan kana lafiya. Ya kasuwa? Ya Ruwaida, baiwar Allah mai haƙurin zama da kai? Mu nan lafiya lau muke, sai dai abin da ka jawo.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda nan na ba direban bas ɗin Ringim. Na ce masa ya shiga layin 'yan hatsi ya nemi rumfar da mai ita ya fi buhunansa faɗi. Da da ajami zan rubuto, sai na tuna ko Sabbi ba ka kai ba ka jefar da allo ka rungumi tiya, shi ya sa na lallaɓa da bokon da kake iya haɗawa.

Jiya Ziyad mai wayarin ɗin garejinmu ya nuna min wani hoto a wayarsa. Ina dubawa sai na ga akori-kurar Kawu Sale a ƙofar gidanmu. An rubuta a ƙasa wai Fijo 404 ta sayarwa, tsohon hannu, aiki ya kusa ƙarewa, ga lambarka ɓaro-ɓaro. Hoton ma ni na ɗauka na turo maka ranar da na gama kankare tsatsa, don ka yi murna. Ashe talla nake ɗaukar maka ban sani ba.

Aiki ya kusa ƙarewa, in ji ka. Wane ne ya yi aikin, kai ko tumbinka?

Bari in tuna maka, tunda wake ya toshe maka ƙwaƙwalwa. Da Kawu ya rasu aka raba gado, motar nan ta faɗo a kasonka, ka bar ta a bayan gida kaji na ƙwai a mazaunin direba, awaki na hawa bodinta suna hango gari. Ba wanda ya ko kalle ta. Kai da bakinka, a gaban Inna, ka ce Tasi'u ja ta ka kai Dutse, ka riƙa taɓawa in ka tashi daga gareji, ranar da ta tashi mu riƙa ɗauko hatsi daga Gujungu da Shuwarin, kai kana tuƙi ni ina ciniki. Ko ba ka ce ba? Inna tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya.

Tun daga ranar ban san hutun Juma'a ba. Na goge ta da samfefa har yatsuna suka daina jin zafin shayi. Ƙasan bodin da ya ruɓe kamar tsohuwar tabarma na yanke na sa sabon ƙarfe na yi masa walda. Kafireta sai da na je Ƙofar Ruwa a Kano na tona tarkacen wani tsoho kafin na samu. Lagireto kuwa a jikin wata matacciyar 'yar uwarta na ciro a Kiyawa, kunama ta harbe ni a wurin, ka yi ta dariya da na gaya maka. Kafin azumi na jona batirin aro, injin ya yi tari ya kama, tari irin na Kawu in ya tashi da asuba. Inna tana tsakar gida ta ji, ta ajiye muciya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar. Abin da ya rage wayarin ne da fenti da gilashin baya da tayoyi. A nan ne ka ga ta yi kyan sayarwa.

Na sani ba ni da ko ƙusa ɗaya a cikinta. Ɗan mace ba ya gadon kawu, ba sai an ɗauko min littafi ba, a gaban Malam na karanta. Amma a cinyar Kawu na fara riƙe sitiyarin nan muna tafiya gona, yana sa giya da hannuna a cikin nasa. Kai kana baya kana amai a kan buhunan mutane. Motar ma ta san wanda take so a cikinmu.

Ka cire hoton nan, Abdulbaƙi. In kuwa ka turo wani, to ka sani ni zai tarar a ƙofar gida, ka kuma san halina tun muna yara.

Ka gaida Ruwaida, ka ce ina taya ta addu'a Allah ya ba ta ladan kiwo.

Naka, wanda ya fi ka ko a ina,
Tasi'u


Limawa, Dutse
Ranar Lahadi

Zuwa ga Abdulbaƙi, dillalin da kasuwa ta watse masa,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jaje. Ya jiki? Na ji an ce tun jiya ba ka iya cin tuwo, kwano uku kawai ka tashi da su. Allah ya sawwaƙe. Ya Ruwaida da mutanen gida?

Baƙonka ya zo, Alhaji Maharazu na Kano, shi da direbansa. Ba ka amsa takardata ba, ka turo shi. To na karɓe shi hannu bibbiyu, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa dabino da ruwan sanyi, kada ka ce ban san darajar baƙo ba.

Gaskiya dattijo ne mai hankali, ban san inda ka samo irinsa ba. Ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai duba ingarma. Ya ce tsofaffin motoci yake tarawa a gidansa yana raya su, wai mahaifinsa da irin wannan ya yi fataucin goro. Ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa ƙasa, ya tambayi wanda ya yi waldar. Na ce ni ne. Ya ce in ciniki ya faɗa zai so wanda ya fara shi ya ƙarasa, in bi ta Kano. Ka ji daɗin baki irin na masu kuɗi. Wato in bi motar Kawu in zama yaron wani, ina wanke ta yana nuna wa abokansa.

Ni kuwa tun daren Juma'a na gama shirina. Na samo guntun fatar tsohon takalmi, na cika ta da dusar awakin Inna, na ɗinke, na shafe ta da baƙin mai har ta yi kamar ta shekara arba'in, na rataye a ƙarƙashin sitiyari. Na kuma kama wata bushiya a bayan makabarta na sa a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin kujera.

Da Alhaji ya buɗe ƙofa zai zauna a gefen direba, sai na riƙe masa riga cikin ladabi, na ce ya yi haƙuri ya yi sallama tukuna, wurin da masu shi. Ya ce su wa? Na sunkuyar da kai na ce ai ba a faɗin sunansu da rana tsaka. Na ce Kawu bai taɓa ɗaukar fasinja a gaba ba in rana ta take, kuma ba a ajiye ta a gindin tsamiya, don kada 'yan uwansu su ƙaru a rasa wurin zama. Na nuna masa layar, na ce wasiyya ce kada a cire, wani bakanike a Jahun ya taɓa gwadawa, har yau da gefe ɗaya yake dariya. Na ƙara da cewa ba su da fitina, in dai ana ɗan kunna musu turare ranar Alhamis.

Ina cikin bayani sai bushiyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta motsa a gwangwani, ƙarar-ƙarar-ƙarar. Abdulbaƙi, da ka ga direban nan! Takalminsa ɗaya yana nan a wurina, in ka haɗu da shi ka ce ya zo ya karɓa. Alhaji dai bai gudu ba, ya ja da baya a hankali yana karanta Ayatul Kursiyyu, ya ce zai yi shawara. Ko dabinon bai ƙarasa ba.

Na yi dariya har na kwanta a bodin motar ina riƙe ciki. Abin da ya rage min daɗi ɗaya ne, ba ka nan balle in ga fuskarka.

Yanzu sai ka turo na biyu. Akwai sauran fata, bushiya kuma ta saba da ni, har gyaɗa take karɓa a hannuna. Ko kuwa ka dawo kan maganarka ta gaban Inna, ka bar ni in ƙarasa aikina, kafin kaka mu fara lodi. Zaɓi ya rage naka, ɗan Kawu.

A gaida Ruwaida. Ka rage cin wake da daddare.

Ubangidanka,
Tasi'u


Limawa, Dutse
Ranar Asabar

Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu dai nan ba lafiya ba, kuma kai ne sila, ko ka yarda ko kada ka yarda.

Direban baƙonka, wannan matsoracin mai takalmi ɗaya, ashe da suka bar nan sai da ya tsaya teburin mai shayi na bakin titi ya zazzage komai, har da ƙari. Wai ya ga kujera ta lotsa ba kowa a kai. Kafin magariba labari ya gama Limawa. Washegari na ji wata tana rantsuwa wai ta taɓa ganin fitilun motar sun kama da kansu. Motar da ko waya ɗaya ba a ja mata ba, balle batir!

Da farko dariya nake. Sai yaron Maijidda maƙwabciyarmu ya kwanta da zazzaɓi, aka tuna ya yi wasa a bodin motar. Zazzaɓin sauro ne, kowa ya san damina ce, an kai shi asibiti ya warke. Amma uwarsa ta zo har tsakar gida ta ce wa Inna mun ajiye wa unguwa bala'i a bakin hanya. Yanzu mata in sun zo wucewa sai su tsallaka ɗaya gefen suna tofe-tofe. Yaran da ke zuwa sayen ƙuli-ƙulin Inna an hana su, ga shi nan a roba yana yin sanyi. Ziyad ya dawo min da ƙunshin wayoyin da zai ja, ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma babarsa ta ce in ya taɓa motar ba ta yafe ba.

Na ga abin zai wuce wasa, sai na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar na ce jama'a su saurara. Na rantse musu ni na ɗinka layar. Na sa reza na farke ta a gabansu, dusa ta zubo. Sai wani tsoho ya girgiza kai ya ce ai haka suke yi, in an tona su sai su mayar da abinsu dusa. Na ruga na ɗauko bushiyar na nuna. Wannan kuma shi ya ƙarasa ni, aka ce to me ya kai bushiya cikin mota in ba aiko ta aka yi ba. Na ce ni na sa ta. Aka ce to wa ya sa ni na sa ta?

Malam Abdulkahar, wanda na yi sauka a hannunsa, shi kaɗai ya gaskata ni, don ya san ni tun ina ɗaure wa ɗalibai riguna a sahu. Ya kira ni zaure ya wanke ni tas. Ya ce wanda ya haddace Ƙul'a'uzai ba ya wasa da tsoron mutane, kuma ƙaryar da aka yi don dariya ba ta komawa in an kira ta. Ranar Juma'a ya yi wa mutane bayani cewa ƙarfe ne kawai da shaƙiyancin Tasi'u. Kowa ya ce na'am Malam, gaskiya ne Malam. Da aka fito kowa ya tsallaka ɗaya gefen.

Jiya mai unguwa ya aiko. Ya ce shi ba ruwansa da ko akwai ko babu, zaman lafiya yake so, a ɗauke motar daga bakin hanya kafin wata Juma'ar. Maigidana na gareji ya ce kada in kuskura in kawo masa ita, masu kawo gyara za su gudu.

Kada ka yi murmushi, ina ganinka daga nan. Da ka ɗaga waya tun farko mun yi magana kamar mutane, da duk wannan bai faru ba. Da ka riƙe alkawari, me zai kai ni neman bushiya? Kai ka kunna wutar, ni ɗan fifita kawai na yi.

Ga abin da za ka yi. Ko dai ka turo babbar mota a mayar da ita Ringim, in riƙa zuwa duk Juma'a ina ƙarasawa, can ba wanda ya ji labari. Ko kuma ka kira Alhaji Maharazu ka gaya masa gaskiya, ka ce taubashinka ne, maƙaryaci ne tun yana zanen goyo, duk dangi sun shaida. Mutum ne mai fahimta, zai yi dariya ya dawo. Ka sayar masa. Ka ji na faɗa da bakina, ka sayar masa. Gara tana Kano ana shafa ta, in bi ta in ƙarasa mata wayarin da fenti in ga ta taka titi ko sau ɗaya, in ya so in dawo gida a bas. Ni ba ni da lambarsa, kai ke da ita.

Ba roƙonka nake ba, umarni nake ba ka, don ban taɓa roƙon mai tumbi ba. Amma ka yi sauri. Don Allah, Abdulbaƙi, ka yi sauri, motar babanka ce.

Ka gaida gida.

Tasi'u


Limawa, Dutse
Ranar Juma'a

Zuwa ga Malam Abdulbaƙi Sale, Kasuwar Hatsi, Ringim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da sauran iyali. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Inna tana gaishe ka.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa mutanen da ka turo sun iso jiya da hantsi. Da na hango babbar mota ta shigo layinmu, na ɗauka Ringim za a mayar da ita, har na shiga gida da gudu na ɗauko igiya da jak. Da na fito sai na ga suna sauke tukunyar gas da abin yanka. 'Yan gwangwan ne. Babbansu ya nuna min saƙonka a waya, na ga lambarka, na ga kuma dukiyarka ce, sai na matsa gefe.

Sun ce su ba sa tsoron kowace irin mota, wuta ba ta bar aljani ba. Ta ƙasan bodi suka fara. Waldar ta ba su wahala, mai yankan ya yi ta zagin wanda ya yi ta, ban ce masa ni ne ba. Suka cire ƙofofi, suka raba kan da bodi, suka sa sarƙa suka finciko injin ya faɗi a ƙasa, man da na zuba masa kafin azumi ya malale a kwata. Kafiretar da na samo a Ƙofar Ruwa wani ya jefa ta a buhu tare da gwangwanayen madara. Unguwa duk ta fito kallo. Maijidda har ruwa ta kawo musu. Yaran da aka hana zuwa ƙofar gidanmu suna ta wawar ƙusoshi. Kafin azahar an share wurin.

Inna ba ta fito ba. Da ta ji ƙarar yankan ta tura ƙofar ɗakinta.

Da za su tafi, babbansu ya ce ka ba shi saƙo ya faɗa min baki da baki. Wai a gaya wa Tasi'u ba shi kaɗai ya iya wasa ba, ɗan namiji ma ya iya, yanzu an yi ɗaya da ɗaya. Ya faɗa yana dariya, ya ce ku taubasai akwai ku da abin mamaki. Saƙo ya iso. Ya kuma ce ba ka ko kira Alhajin Kano ba, tun ranar da takardata ta ƙarshe ta same ka kuka gama magana da su 'yan gwangwan.

Da daddare na ce wa Inna zan je Ringim in tara dangi a kanka. Ta ce in zauna. Ta ce abin da taubashi ya yi da sunan wasa ba a kai shi gaban manya, ba a kuma yin fushi da shi, haka aka gada, ni ma da wannan rigar na daɗe ina fakewa. Gaskiya ta faɗa. Ba wanda zan kai wa ƙara, kuma ba zan yi fushi ba. Na bi maganarta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa za mu zo bikin ƙanwarka Adawiyya in Allah ya kai mu, ni zan rako Inna. Ka kwantar da hankalinka. Hularka za ta kwana a kanka, ba wanda zai zuba maka gishiri a shayi, ba wanda zai kira ka da wani suna a gaban surukanku. Zan zo rumfar maza in cire takalmi in durƙusa in gaishe ka kamar yadda ake gaida kowane babban mutum, in tambayi lafiyar iyali, in ci abin da aka ba ni, in yi addu'a in tashi. In dangi sun tambayi abin da ya sami Tasi'u ya yi hankali haka, kai za ka ba su amsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya sa ya huta. Allah ya ƙara arziki.

Ka huta lafiya.

Ni ne,
Tasi'u ɗan Rakiya